Allura ta Sha Biyar

Shekara tara na yi a gidan mijina a unguwar Kilomita Biyar ban taɓa kallon fuskar surukina ba. Ba ƙari nake yi ba. Na san ƙafafunsa, na san babban yatsansa na dama da farcen ya tsage, na san tarinsa tun daga zaure. Fuska kuwa sai dai in hange shi daga nesa in kau da kai. Uwata 'yar Damagaram ce, haka ta rene mu: in surukinki ya shigo, idonki ƙasa, bakinki gum. Ko sunansa ba na faɗa. Sunan kakan Manzon Allah gare shi, wanda ya sani ya sani. Baba nake ce masa, shi kuma in zai kira ni sai ya ce "matar Nasidi".

Ana saura kwana kaɗan azumi ya ƙare, a shekarar casa'in da shida, Baba ya faɗi a wajen alwala. Da aka ɗauke shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana ta ɗauke, sai gurnani. An kai shi asibiti an ba da ƙwayoyi, an yi rubutu an sha, hannun dai yana nan a sake. Sai maigidana Nasidi ya ji labarin wani tsohon ɗan Sin a unguwar Miskine, wanda ya zo ƙasar nan tun da daɗewa ya auri 'yar unguwar ya zauna. Dakta Liyan sunansa, amma kowa Shinuwa yake ce masa, wato ɗan Sin. Wai da allura yake magani, allurar da babu ruwan magani a cikinta.

Inna Amariya, ƙanwar Baba, ta zo har tsakar gida ta zauna a kan turmi ta ce ba da yawunta ba.

"Ku kai ɗan'uwana a mayar da shi bushiya? Ke Fiddausi, ba ki san allura tafiya take yi a jiki ba? Mahaman tela fa? Taka ta ya yi a shago, ta shige tafin ƙafa, kwana arba'in ta bi jini ta isa zuciya. Ni na ga gawarsa da idona."

Ban san abin da ya kashe Mahaman tela ba. Amma duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san wannan labarin, kuma tun muna yara in allura ta faɗi a tabarma ba mai motsi sai an gan ta. Maganar ta zauna mini daram a ciki.

Nasidi bai saurare ta ba. Muka fara zuwa, Talata da Asabar. Ni nake riƙe butar shayi da tabarma, Ɗan'azumi mai pus-pus, wato amalanke, shi yake tura Baba a kan katifa, don tsohon ba ya iya lanƙwasuwa a cikin taksi.

Ɗakin Shinuwa ƙarami ne, gado ɗaya, benci ɗaya, labule a tsakani. Ranar farko ya fi rabin awa bai taɓa allura ba. Ya sa Baba ya fito da harshe ya duba, ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun dama ya yi shiru, ya koma na hagu ya yi shiru. Ya yi ta tambayar Nasidi da yaren ƙasar nan, Sangonsa mai ban dariya: yana barci? yana gumi? bayan gida fa, sau nawa? Ni ina bayan labule kamar in nutse don kunya. Ya ce kar mu sa ran tsohon zai tashi da gudu gobe, sai an zo sau goma kafin a ce wani abu. "Yeke-yeke," in ji shi, wato a hankali. Ya ba mu ƙullin saiwoyi a dafa, ɗacinsu ya fi maɗaci.

Da ya lura ina ta zare ido, sai ya ce in miƙo hannu. Ya ɗauko allura daga tukunyar da yake tafasa su, siririya kamar gashin wutsiyar doki, ya soka mini tsakanin babban yatsa da manuniya. Na runtse ido ina jiran zafi, sai na ji wani nauyi kawai yana hawa har gwiwar hannu. Ya bar ta ɗan lokaci, ya riƙe kanta ya zare a miƙe, ya danna wurin da auduga. Ko ɗigon jini babu. Na ce masa a wajenmu an ce allura tana shigewa ta yi tafiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce tasa ba ta da ƙafa. Na yi murmushi don ladabi, ban yarda ba.

Abu ɗaya ne ya ɗan kwantar mini da hankali: mutumin yana ƙirgawa. In zai soka, da ƙarfi yake ƙirga da Sango, oko, use, ota, har ya gama. Sai ya bar su kamar rabin awa, ya kunna wani sandan ganye mai warin tazargade yana ɗumama wuraren. In zai cire, ya sake ƙirgawa yana jefa su cikin farin faranti, kowacce ka ji ƙarar faɗuwarta. Bai taɓa barin Baba ya sauka daga gado ba sai lissafin ya cika. A zuwa na shida yatsun hannun hagu suka ɗan motsa. Nasidi ya fita waje ya yi kuka, yana tsammani ban gani ba.

Ranar zuwa na takwas, Asabar ce cikin watan Mayu, motar kayan Nasidi ta iso daga Kamaru ta lalace a bakin gari, dole ya tafi. Ya ce in raka Baba ni kaɗai, kar a tsallake rana. Na ce masa gari fa ba daɗi, wata guda ke nan da sojoji suka yi bore suka koma bariki, kuma tun jiya ake ƙus-ƙus. Ya ce ai an sasanta. Na yi tsaki na ɗauki mayafina.

Muka bi Titin Koudoukou da hantsi, shaguna a buɗe, 'yan canji a zaune, ba abin da ya nuna. Ɗan'azumi ya kwantar da Baba a gado ya fita jira a inuwa. Na zauna a benci na ba labule baya kamar kullum. Shinuwa ya yi ƙirgarsa, ni hankalina yana kan miyar da na bari. Ya leƙo ya ce bari ya kunna sandan ganye.

Bai kai ga ashana ba aka fara harbi.

Da farko daga nesa ne, wajen cikin gari. Kafin in gama salati ya matso. Na ji mata suna kiran 'ya'yansu, ana jan ƙofofin ƙarfe, sai ga ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Sojoji uku suka banko ƙofa. Na farkon wandonsa jina-jina, kuma yadda yake tafiya na gane ba jininsa ba ne. Ya nuna Shinuwa da bakin bindiga ya ce ya taso, suna da mutum biyu da harsashi a ciki. Tsohon ya ce shi ba mai fiɗa ba ne, allura kawai ya iya, ga ma maras lafiya a kwance. Suka ce likita likita ne.

Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga labule da bindiga. Na ce shi ke nan, tamu ta ƙare. Amma da ya ga dattijo a kwance allurai sun tsaya cirko-cirko a jikinsa, sai ya ja da baya ya tofar da yawu, ya ce "likundu", wato maita. Bai ƙara kallon wajenmu ba.

Suna jan Shinuwa a bakin ƙofa ya waiwayo ya ce mini:

"Sha biyar ne. Ki zare a miƙe, ki danna da auduga. Ki ƙirga, madam, ki ƙirga."

Matarsa ta fito daga cikin gida ba takalmi ta bi motar tana ihu. Na tashi na danna sakata. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Saura ni da Baba da allura goma sha biyar, kuma ko zan mutu ba zan iya ɗaukarsa mu gudu da su a jikinsa ba.

To ga abin da na yi. Na shiga bayan labulen kaina a sunkuye. Na ga an naɗe masa wando har gwiwa, an ɗage riga cikinsa a waje. Ni matar ɗansa, in tsaya ina taɓa cikinsa yana kallona? Na ce wannan ko shi ba zai so ba. Hiraminsa yana kan kujera a ninke. Na ɗauka na warware, na kau da kaina gefe, na ce, "Baba, ka gafarce ni," na yafa masa a fuska. A ganina na rufa mana asiri mu biyu.

Na fara daga ƙafa. Na kama kan allurar. Na ja. Ta fito sumul, ba ta ko yi gardama ba. Na danna auduga, na jefa a faranti, na ce ɗaya. Ƙafafu biyu suka ba ni shida. Hannun hagu huɗu, na dama biyu. Na rufe ido ɗaya na cire biyu a ciki, kusa da cibiya. Duk wannan lokacin Baba yana gurnani a ƙarƙashin hirami, ni kuwa ina cewa, "Sannu Baba, an kusa."

Na duba faranti. Goma sha huɗu.

Na sake ƙirgawa. Na zube su a kan benci na jera ɗaya-ɗaya, na ƙirga da Hausa, na ƙirga da Sango. Sha huɗu. Na bi ƙafafunsa da ido, na bi hannuwa, na duba tsakanin yatsu, na ɗaga gefen riga har ƙirji. Babu. Sai muryar Inna Amariya ta dawo mini kamar tana zaune a ɗakin: ta shige, ta bi jini.

A daidai nan Baba ya ɗaga hannunsa na dama, mai lafiyar, yana kai shi sama wajen ƙirji. Na yi wuf na cafke. A tunanina ciwo yake ji a zuciya, allurar ta kama hanya, kuma duk motsi tura ta yake yi.

"Kar ka motsa, Baba, don girman Allah. Ɗaya ta shige. In ka motsa za ta yi tafiya."

Ya ja hannun da ƙarfi. Ban san tsoho maras lafiya yana da ƙarfi haka ba. Ya yi gurnani mai tsawo, ya buga diddige a gado. Na riƙe shi da hannu biyu ina kuka ina ba shi haƙuri. Da na ga ba zan iya riƙo in kuma yi nema ba, na yage bakin mayafina na ɗaure hannun surukina a jikin ƙarfen gado. Eh, ni Fiddausi na yi wannan.

Na durƙusa ina laluben siminti da tafin hannu ko ta faɗi. Na shiga ƙarƙashin gado. Na kakkaɓe zanin katifa, na duba cikin takalmansa, na duba jikin rigata. A waje harbi bai tsaya ba, wani harsashi ya bugi kwanon rufin maƙwabta na ji kamar a kaina. Na dawo ina shafa fatar hannunsa da ƙafarsa ko zan ji tsini a ƙarƙashi. Kowace jijiya na taɓa sai in ce ita ce.

Aka ƙwanƙwasa taga. Na daskare.

"Hajiya, ni ne Ɗan'azumi. Ku fito. An fasa shagunan bakin titi, an sa wa shagon mai taya wuta, nan suke yowa."

Na ce masa ba zai yiwu ba, allura ta shige jikin Baba, in aka ɗora shi a pus-pus aka bi ramukan nan, kafin mu kai gida ta isa zuciya. Shi ma ya san labarin Mahaman tela. Ya ce zai ɓuya a bayan katanga, amma in aka kira azahar ba mu fito ba, shi ma yana da iyali.

Warin taya ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na zauna a bakin gado na rasa abin yi. In mun tsaya wuta ko 'yan wawashe, in mun tafi allura. Na yi ta tunanin abin da zan ce wa Nasidi: ka ba ni ubanka da safe yatsunsa suna motsi, ga abin da na dawo maka da shi. Na ji haushin Shinuwa, na ji haushin Nasidi da motarsa, na ji haushin sojoji, na fi jin haushin kaina da ban saurari ƙirgar ba.

Can na lura ɗakin ya yi tsit. Baba ya daina gurnani. Hannun da na ɗaure ya saki, yatsun a buɗe.

"Baba?"

Shiru. Na kalli cikinsa ko yana ɗagawa, amma jikina yana rawa har gadon yana motsi, na kasa tantancewa. Na ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa yadda na ga Shinuwa yana yi, ban ji komai ba sai bugun nawa jinin. Na ce innalillahi, ta isa. Abu ɗaya ya rage, in duba numfashi a hanci. Na kama gefen hiramin, hannuna ya tsaya. Ko a wannan halin sai da na yi jinkiri, don ku san irin zurfin abin. Sannan na yaye.

Yana da rai. Ido biyu yake, yana kallona.

Allurar tana nan tsaye a kumatunsa na hagu, gefen hanci, hiramin ya ɗan kwantar da ita. Tun ranar farko a nan Shinuwa yake soka ɗaya saboda bakin da ya karkace. Nasidi ya sani, Ɗan'azumi ma da ya shigo da ya gani. Ni kaɗai ce a duniya ba zan sani ba.

Amma ba allurar ce ta tsayar mini da numfashi ba, idonsa na hagu ne. Ashe tun da ya faɗi wannan idon ba ya rufuwa, wata uku ke nan, ni kuwa ina gida ɗaya da shi ban sani ba. Fiye da awa guda zaren hirami yana kwance a kan ƙwayar idon yana gogarta, ga hayaƙi. Ya yi jawur, hawaye sun gangara sun jiƙa kunnensa. Abin da yake ta faɗa mini ke nan. Hannun da na ɗaure, ƙyallen yake so ya janye.

Na kama allurar na zare a miƙe, na danna auduga. Dole in dube shi kafin in yi, ba yadda za a yi da kai a ƙasa. Na ga yana da tsage uku a kowane kunci, na ga goshin Nasidi ne sak, na ga furfurar girarsa. Na jefa allurar a faranti, na ce sha biyar. Na kwance hannunsa, wurin ɗaurin ya yi shati.

"Baba, na cuce ka. Ka yafe mini."

Na zaci zai kau da kai, ko ya ture ni. Sai ya ɗaga hannun ya kama wuyan hannuna, ya ja shi a hankali har fuskarsa. Ya ɗora yatsana a kan fatar idon, ya danna ƙasa. Idon ya rufu. Ya saki wani dogon numfashi, ya ci gaba da riƙe hannuna a wurin.

Haka muka koma gida. Ɗan'azumi yana tura pus-pus ta lunguna, ya kauce wa babban titi, ni ina gudu a gefe yatsana a kan idon Baba, mayafina a yage. Mutane suna gudu da buhuna a ka, ba wanda ya kula mu. Inna Amariya ce kawai, da ta gan mu a ƙofar gida, ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya yi mata gurnani ɗaya ta haɗiye.

Bayan kwana huɗu aka sako Shinuwa, ya rame, ba ya son maganar inda aka kai shi. Da gari ya lafa muka koma, ya ga farantinsa yadda na bar shi, ya ƙirga, ya gyaɗa kai. Ya duba idon ya ce wannan ba aikin allura ba ne, mu kai asibiti. An ba da maganin ɗigawa, amma ganin wannan idon bai dawo daidai ba. Hannun dai ya ci gaba da samun sauƙi har ya iya riƙe carbi. Magana ba ta dawo ba, don haka ba wanda ya taɓa jin zancen ɗaurin sai da ni na faɗa wa Nasidi da bakina.

Likitan ido ya ce kullum in zai kwanta a ɗiga magani a rufe masa fatar a manne da filasta. Nasidi ya gwada, Baba ya ture hannunsa. Inna Amariya ta gwada, ya juya mata ƙeya. Ya nuna ƙofar ɗakina. Shekara biyu da wata biyar ni nake yi masa, ina durƙushe a gabansa muna kallon juna, mata suna gulma a unguwa wai matar Nasidi ba ta da kunya. Ranar da ya cika, da la'asar, ɗakin cike da 'ya'yansa maza, idon dama ya rufu da kansa, na hagu ya tsaya a buɗe. Ba wanda ya miƙa hannu. Nasidi ya leƙo tsakar gida ya ce, "Fiddausi, zo."